Waiwaye: Wa Ke Biyan Kuɗin Sanyin Genting?

Daga wajen 2010 zuwa 2015, in ka shiga wata jami'a ko kwaleji a Arewa ka tambayi ina malam wane, amsar da za ka fi ji ita ce, "Ai ya tafi Malesiya." Mu a Gombe abin ya fi yawa, don makarantunmu sababbi ne. Jami'ar jiha a 2004 aka kafa ta, ta tarayya da ke Kashere kuma sai 2011, kowacce tana neman masu digiri na biyu da na uku ruwa a jallo. Asusun TETFund na biya, dala tana wajen naira 160, ringit ɗaya kuwa naira 50 ko kusa da haka. Ingila ta yi tsada. Malesiya ga araha, ga kiran salla, ga nama ba sai ka tambayi wanda ya yanka ba. Sai aka yi ta tafiya ayari-ayari, wasu Skudai a jihar Johor, wasu Sintok can arewa kusa da iyakar Tailan, wasu jami'ar Musulunci da ke Gombak. Ni Serdang na faɗa, kudu da Kwala Lumfur kaɗan.

Wanda bai je ba yana ɗauka hutu muke yi. Rayuwar ɗalibin bincike kuwa daga ɗaki sai laburare sai masallaci, shinkafa safe, shinkafa dare. Amma akwai hoto biyu da suke bashi a wuyan kowa, 'yan gida ba sa yarda ka je Malesiya sai sun gan su a Facebook. Ɗaya a gindin tagwayen benen Petronas, ɗaya a cikin gajimaren dutsen Genting kana sanye da rigar sanyi. A ƙarshen 2013 mu huɗu muka shirya sauke wannan bashi a hutun ƙarshen mako guda. Da ni, da wani ɗan Dukku mai karatun noma, da wani ɗan Kumo mai karatun lissafin kuɗi, sai babbanmu, wani dattijo da muke kira Modibbo, wanda ya sauke Alƙur'ani tun kafin ya san ƙofar boko.

Asabar muka ba birni. Jirgin ƙasa muka hau daga Serdang zuwa babbar tashar KL Sentral. Muka yi azahar a Masallacin Jamek, wanda aka buɗe a 1909 a daidai mahaɗar kogin Klang da na Gombak, inda garin ya tsiro. Muka leƙa filin Merdeka, inda aka sauke tutar Ingila da ƙasar ta samu 'yancin kai ranar 31 ga Agusta 1957, shekara uku kafin namu. Sauran yinin saƙon mutane ne ya cinye shi. Kowa da takardarsa a aljihu, wayar ƙanwa, kwamfutar ɗan yaya, mayafan matar kawu. Kayan waya a Low Yat, mayafai a titin Masjid India. Ɗan Kumo muka riƙa turawa gaba, don shi ne zai taya ringit 40 a abin da aka ce 100 bai ko ƙifta ido ba.

Da magariba muka isa gindin benen. Mita 452, hawa 88, an gama shi a 1998, kuma har 2004 ba ginin da ya kai shi tsawo a duniya. Kuɗin hawa gadar da ta haɗa tagwayen ya fi ƙarfin aljihunmu, muka tsaya ƙasa tare da sauran talakawa, mai ɗaukar hoto ya durƙusa har ƙasa don kan benen ya shiga. A nan ne duk ɗan Nijeriya yake buɗe tsohon kuka: kamfanin mai na Petronas a 1974 aka kafa shi, namu NNPC a 1977, ga inda suke, ga inda muke. Daga nan sai a ɗauko labarin kwakwar manja, wai daga wurinmu suka ɗebi iri. Ɗan Dukku, da yake fagensa ne, ya kashe mana hirar. Ya ce tun 1917 aka fara noman kwakwar don kasuwa a Selangor, da irin da ya biyo ta Indunusiya, abin da suka zo ɗiba a Nijeriya daga baya iri ne na bincike. Ba mu ji daɗin gyaran ba, don labarin farko ya fi sanyaya zuciya.

Kashegari da hantsi muka koma KL Sentral muka hau bas ɗin Genting. Tikiti ɗaya ya haɗa kuɗin bas da na motar igiya, ringit goma da 'yan kai. Ɗan Kumo ya juya tikitin gaba da baya ya ce da ni, "Malam, wannan kuɗin ko mai bai saya ba." Muka yi dariya, mota ta tashi.

Tafiyar awa guda ce. An wuce kogon Batu da ƙaton gunkinsa mai ruwan zinariya, an hau babbar hanyar Karak, daga nan sai hawa da kwana-kwana. 'Yan watanni kafin zuwanmu, ranar 21 ga Agusta 2013, wata bas da ke gangarowa daga saman dutsen ta ƙwace ta faɗa kwazazzabo, mutum 37 suka mutu, haɗarin mota mafi muni da ƙasar ta taɓa gani. Kowa a motar ya san labarin, shi ya sa hira ta ɗauke da direba ya fara sauya giya. Ni hanyar na zuba wa ido. Duk inda aka yanki gefen dutse an dafe shi da kankare, kwalbatoci a share, ga ma'aikata suna yankan ciyawa ranar Lahadi. A ƙasar da ruwan sama ba ya hutu, hanyar kan dutse kullum tana cin kuɗi.

A tsakiyar hawa motar ta sauke mu a tashar motar igiya. Akwati ce ta gilashi mai cin mutum takwas, rataye a jikin igiyar ƙarfe, ba ta ma tsayawa cik a tasha, tana tafe a hankali kana shiga. An buɗe ta a 1997, tsawonta kilomita 3.38. Tana barin tasha sai ƙasa ta zame daga ƙarƙashinmu, kurmi ya shimfiɗu, itatuwa a cunkushe ba ka ganin ko tafin hannu na ƙasa. Duk sanda akwatin ya zo kan turke sai ya yi gurnani ya girgiza. Ɗan Dukku ya runtse ido ya damƙe gwiwar Modibbo, shi kuwa Modibbo ko a jikinsa, yana jan carbi yana leƙen ƙasa. Kunnuwa suka toshe. Can sai gajimare ya haɗiye mu, igiyar da ke gabanmu ta ɓace cikin fari, ba ka ganin akwatin gaba, ba ka ganin na baya. Da ƙofa ta buɗe a sama, iska mai laima ta bugi fuskokinmu. Mita 1,800 sama da teku, a kan dutsen Ulu Kali. 'Yan ƙasa duk sun duƙunƙune cikin riguna masu kauri. Wanda ya san hunturun Gombe na watan Janairu ba zai kira wannan sanyi ba, amma bayan watanni kana gumi a Serdang, daɗinsa ba ya faɗuwa.

Otal ɗin First World muka sauka, mai fenti kala-kala, wanda a lokacin yake da ɗakuna 6,118, daga baya aka ƙara suka kai 7,351 a 2015, ya sake karɓe kambin otal mafi yawan ɗakuna a duniya. Ba ka zuwa ka tsaya gaban mai karɓar baƙi, lamba ake ba ka ka zauna jira. Da yake daren Lahadi ne, kuɗin ɗakin da muka raba bai kai abin da mutum zai biya a matsakaicin otal a GRA ta Gombe ba. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, fanka kawai, ba na'urar sanyaya ɗaki, don ba a bukatarta. A jikin silin ga 'yar kibiya tana nuna alƙibla, wajen yamma, mu da muka tashi muna kallon gabas.

A nan gardama ta tashi. Ɗan Kumo ya ce, "Modibbo, ai mu matafiya ne, ƙasaru za mu yi ko?"

Modibbo ya ce, "Nawa ne daga Serdang zuwa nan?"

Aka buɗe taswirar waya, aka ga tafiyar ta gaza buridi huɗun da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, wato mil 48, da ɗan kaɗan. Ɗan Kumo bai haƙura ba, ya ce sai a haɗa da tsawon dutsen, tunda shi ma tafiya ce, sama kawai aka yi ta. Modibbo ya dube shi ya ce, "Kai yaro, cika sallarka. Wace gona kake saurin zuwa?"

Bayan isha muka fita zagaye. Wurin wasannin waje an rufe shi tun watan Satumba don gyara, sai cikin gini. Kuma duk garin kusan gini ɗaya ne, otal ya haɗe da kanti, kanti ya haɗe da wani otal, matakala mai tafiya da kanta tana miƙa ka ga wata. Muka lura duk inda muka bi sai hanya ta ɓullo da mu gaban wata ƙofa mai walƙiya da masu gadi sanye da kwat. Gidan caca ne. Muka ja gefe muka tsaya kallon masu shiga. Yawancinsu ba samari 'yan gayu ba ne yadda fim yake nunawa. Tsofaffi ne 'yan asalin Sin, maza da mata, wasu da sanda, wata ana tura ta a keken guragu, kowa da katinsa na zama ɗan gida a hannu. Doka ta hana Musulmin Malesiya shiga, kuma ba wuyar gane shi, don an rubuta addininsa a katin shaidarsa. Mu baƙi masu fasfo ba abin da ya tsare mu sai tsoron Allah da idon Modibbo. Ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya ce da ɗan Kumo, "Ɗazu kana tambayar wa ya biya maka kuɗin mai. To ga rijiyar da ake shayar da garin nan."

Tarihin wurin ya gaskata shi. Wanda ya gina Genting, Lim Goh Tong, an haife shi a 1918 a Anxi cikin lardin Fujian na ƙasar Sin, ya zo Malaya a 1937 ya fara da aikin kafinta, kuma har ya mutu a 2007 bai iya Turanci ba, abin da ya kamata mu masu neman digiri na uku mu riƙa tunawa. Bayan yaƙin duniya na biyu ya yi arziki da cinikin tsofaffin injuna da kwangila. Yana aikin wata madatsar lantarki a tsaunukan Cameron ne tunanin ya zo masa, me zai hana a samu wurin shan sanyi kusa da babban birni? A 1965 ya kafa kamfani, kuma bai kafa shi shi kaɗai ba. Abokin tarayyarsa Mohamed Noah Omar ne, shugaban majalisar wakilai na farko, surukin mutum biyu da suka zama firaminista daga baya, Abdul Razak da Hussein Onn. Jihohin Pahang da Selangor suka ba da ƙasa. Aka shekara huɗu ana fasa dutse ana yanka hanya cikin kurmi da kuɗin aljihun Lim, ba kwabo da ke shigowa. Ranar 31 ga Maris 1969 Firaminista Tunku Abdul Rahman ya hau ya aza harsashin otal na farko, a wannan shekarar kuma aka ba kamfanin lasisin gidan caca. Otal ya buɗe a 1971. Har yau shi kaɗai ne gidan caca mai lasisi a duk faɗin ƙasar.

To ka ga asirin arahar. Ana rage kuɗin bas da na ɗaki ne don mutum ya iso bakin tebur. Irinmu da muka zo shan iska, muka ci shinkafa muka ɗauki hoto muka sauka, asarar tsohuwar nan ta keken guragu ce ta rage mana hanya. A gindin dutsen kuma, tafiyar awa guda, a lokacin akwai mutum wajen miliyan bakwai a Kwala Lumfur da kewayenta, masu albashi, cikin zafin da ba ya sauka shekara duka, ban da motocin da ke kwasowa daga Singafo. Kafin annobar korona baƙin da ke hawa a shekara sun haura miliyan 20. Gwamnati ta hana Musulminta shiga, amma ba ta hana kanta karɓar haraji ba, har a kasafin 2019 ta ɗaga harajin cacar zuwa kashi 35 cikin 100. Ba yabon tsarin nake yi ba. Duk wanda ya zauna a can ya ga tallan masu ba da bashi da ruwa, waɗanda suke kira Ah Long, manne a jikin turakun lantarki, kuma ya san gidajen da caca ta rusa ba su da iyaka. Abin da nake cewa shi ne ruwa ba ya tsami banza. Tun daga wannan dare, duk inda na ga abu mai kyau yana aiki, kafin in tambayi nawa aka kashe wajen gina shi sai in tambayi wa ke biyan kuɗin riƙe shi, kuma ranar da ya daina biya me zai faru.

Wannan tambayar ce ba ta shiga hoto. Ayarinmu ya dawo gida da takardun digiri da labarai, kuma na sha zama a taron ƙara wa juna sani inda wani zai miƙe ya haska hoton motar igiya a bango, ya ce mu ma Allah ya ba mu duwatsu, me ya hana gwamnati ta mayar da dutsen Tula ya zama Genting? Sai a tafa. Ban taɓa jin an haska hoton ƙofar nan mai masu gadi ba. Kuma ba wanda zai yarda a kafa ta a ƙasar Tangale-Waja, daga limamai har fastoci, duk da shagunan cacar ƙwallo da suka cika mana lunguna daga Pantami har Tudun Wada.

An ma gwada a ƙasar nan. Obudu a jihar Kuros Riba gandun shanu ne da Turawa suka kafa a 1951, a kan tudu mai sanyi da kyan da bai gaza na Genting ba. A zamanin Gwamna Donald Duke aka gyara wurin, aka kafa motar igiya a 2005 mai tsawon kusan kilomita huɗu, ta fi wadda muka hau. Amma daga Kalaba zuwa can tafiyar awoyi ce masu yawa, ba wani birni mai miliyoyin masu albashi a gindin dutsen, kuma baitulmalin jiha ne ke ɗauke da nauyin. A 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyin mai 76 da jihohin biyu ke jayayya a kai, kuɗin Kuros Riba ya ragu, gwamnoni suka canja, motar igiyar ta yi ta tsayawa na tsawon lokaci. Ba injiniyoyi aka rasa ba.

Mu kanmu da muke yawon, wani ne ke biya. Harajin ilimi, wanda a lokacin kashi 2 cikin 100 ne na ribar kamfanoni, shi ke cika asusun da ya tura mu, gangar mai da ta haura dala 100 kuma ita ta riƙe naira a 160. Daga ƙarshen 2014 farashin mai ya faɗi, a 2016 naira ta bi shi, waɗanda suka zo bayanmu suka ga kuɗin da aka ba su na shekara uku yana narkewa a hannu. Maganar hawa dutse shan iska ta kau, aka koma maganar kuɗin haya. Daga farkon 2025 kuwa TETFund ta dakatar da tura malamai ƙasashen waje.

In da za a tambaye ni dutsen da ya kamata ɗalibin Gombe ya je ya gani a Malesiya, da Cameron zan ce, wurin da shi Lim ya samo tunaninsa. Ba gidan caca a can. Gonakin shayi ne, irin na kamfanin BOH da aka kafa a 1929, da kabeji da tumatir da furanni da ake lodawa manyan motoci zuwa Kwala Lumfur da Singafo. Ko baƙo bai zo ba manomi zai ci abinci, kuma hanya dole a gyara ta don kaya su sauka. Baƙo ƙari ne, ya sha shayi a bakin gona, ya sayi kwando ya tafi. Mai kama da wannan a wajenmu Mambila ce, mita 1,600 da 'yan kai, da shayin Kakara da shanun Gembu. Sai dai daga Gombe ka bi Numan, Jalingo, Bali, Serti kafin ka fara hawa, yini guda ya tafi, ba tafiyar Asabar da Lahadi ba ce.

Tula kuwa tafiyar safiya ce. Ka bi Kumo, ka wuce Billiri, ka kai Kaltungo ka karkata ka fara hawa. Turawan mulki ba su yi wauta ba da suka kafa hedikwatar Tangale-Waja a can sama, iskar ta fi ta ƙasa. Ga tsohon gidan yari, ga koguna a cikin dutse, ga gonakin da mutanen wurin suka daɗe suna tarewa da jeren duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Ga Dutsen Kilang ana hango shi daga nesa. Abin gani bai yi ƙaranci ba. Masu zuwa gani fa? Su ma akwai, amma a san aljihunsu. Gombe ita kaɗai ce jihar da ta yi iyaka da sauran jihohi biyar na Arewa maso Gabas, shi ya sa otal-otal ɗinta ba sa rabo da taruka, kuma mai taron da ya gama ranar Juma'a sau da yawa ba shi da inda zai je. Ga 'yan makaranta da ake kwasa a bas zuwa Yankari ko Ashaka kowane zango. Ga 'yan ƙasar da ke dawowa gida daga Abuja da Legas a watan Disamba. Waɗannan ba za su riƙe motar igiya ba, ko man shafa wa igiyar ba za su saya ba. Amma kuɗinsu zai riƙe rumfa da tabarmi, da makewayi mai ruwa, da mai abinci, da saurayin garin da ya san tarihi kuma ya san inda ba a sa ƙafa. Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne, don ba banza aka kafa asibitin cizon maciji a Kaltungo ba, kububuwar yankin ba ta san baƙo ba.

Inda abin ya fi kusa da nuna ma ba dutse ba ne. Dadin Kowa, ƙasa da awa guda daga Gombe, tana da abin da Cameron take da shi, wato sana'ar da ba ta jiran baƙo. Madatsar da aka gina a kan kogin Gongola a shekarun 1980 ita ke shayar da birnin Gombe, ita ke ba da noman rani, ga masunta, ga kwalejin tarayya ta koyon aikin lambu, ga Dutsen Bima yana kallon ruwan. Ran sallah ka je ka ga samari da 'yan mata a kan babura da a-daidaita-sahu, sun zo ba wanda ya yi musu talla, su ci soyayyen kifi, su ɗauki hoto, in ƙishirwa ko uzuri ya kama su kowa ya san yadda zai yi da kansa. Kasuwar ta riga ta ci, rumfa ce ba a kafa ba.

Kafa ta ɗin ma ba a takarda ake yi ba. Lim sai da ya samu ƙasa daga jihohi biyu da ɗan siyasar da zai buɗe masa ƙofofi, kuma shi kurmi ya tarar. Tula ba kurmi ba ce, gonakin mutane ce da kaburburan kakanninsu, da sarautarsu. A Dadin Kowa ruwan yana hannun hukumar raya kogin Binuwai ta tarayya, wutar lantarkin tana hannun kamfani mai zaman kansa, gaɓar kuma ta manoma da masunta ce. Duk mai son kafa rumfa goma da makewayi a can sai ya zauna da su duka, da hakimi da ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba, a yanke tun farko wa zai karɓi kuɗin ƙofa, nawa ne rabon garin, kuma wa zai biya mai shara ranar Litinin bayan kowa ya watse.